Wa Zai Biya Masu Kwana Aiki Barcinsu?

A ƙasar nan rashin barci abin yabo ne. In aka ce wane ba ya runtsawa, ana nufin mai neman na kansa ne, ba cima-zaune ba. In kuwa aka ce wance ai barci gare ta, to an gama da ita. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, in karɓi aiki bayan isha'i in miƙa shi da hantsi, kuma na sha wannan yabon a bakin dangi da maƙwabta. Abin da na gani a kan gadajen ɗakin nan, da abin da masu bincike suka yi ta tarawa shekara ashirin da ɗoriya, shi ya sa yabon ya daina yi mini daɗi. Barcin da aka hana jiki bashi ne, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ake zargin ana zuwa karɓarsa shi ne kayan cikin mutum, wato hanji da tumbi da hanta.

Ciwon dajin kayan ciki babban abu ne a duniya. In aka haɗa na babban hanji da dubura, na tumbi, na hanta, na fankiriyas, da na hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki, sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na sabbin masu kamuwa da kansa, sun kuma haura kashi ɗaya cikin uku na waɗanda take kashewa. Na babban hanji da dubura kaɗai ya kama mutum kusan miliyan 1.9 a 2022, ya yi ajalin kimanin 900,000. Duk abin da zai ƙara wa wannan kaya nauyi, ko da kaɗan ne, ya isa a tsaya a dube shi.

A birnin Lyon na Faransa akwai hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aikinta ta tara masana su auna ko abu kaza na jawo kansa. A 2007 ta duba aikin karɓa-karɓa da ke hargitsa wa mutum dare da rana, ta sa shi a rukunin 2A, rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon. A 2019 masanan suka sake zama a kan aikin dare, suka bar shi a inda yake, suka kuma ambaci babban hanji da dubura cikin wuraren da aka ga alamar haɗarin, tare da nono da furostet ɗin maza. Rukunin 2A bai kai na ɗaya ba, inda taba da giya suke, waɗanda babu sauran ja-in-ja a kansu. Abin da yake nufi shi ne hujjar da aka samu a jikin dabbobi ta yi ƙarfi, wadda aka samu a jikin mutane kuma akwai ta, amma ba ta kammala ba. Ni a ganina wannan ya isa mai hankali ya gyara zama. Ba sai an gama shari'a ake fara kaffa-kaffa da wanda ake tuhuma ba.

Binciken da ya fi taɓa zuciyata a kan irina aka yi shi. Tun 1976 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suke bin diddigin lafiyar dubban mata ma'aikatan jinya. A 2003 suka fitar da sakamakon wasu sama da 78,000 daga cikinsu. Waɗanda suka yi shekara 15 ko fiye suna aikin dare na karɓa-karɓa, aƙalla dare uku a wata, haɗarin ciwon dajin babban hanji da dubura a wurinsu ya ɗara na waɗanda ba su taɓa yi ba da kusan kashi 35 cikin 100. Dare uku a wata, jama'a. Mu da muke jera mako guda cur muna kwana a tsaye, sai mu ce me? Da aka ci gaba da bin matan aka sake lissafi a 2018, alaƙar ta yi rauni in aka haɗa hanjin gaba ɗaya, amma ba ta ɓace ba a kan dubura ga waɗanda suka daɗe suna aikin. Haka ilimi yake tafiya, yana gyara kansa, kuma na fi yarda da wanda ya dawo ya rage maganarsa a kan wanda ya kafe.

Wannan batun lokacin barci ne. Akwai kuma na yawansa. A wani asibiti a Cleveland da ke jihar Ohayo, an tambayi mutum 1,240 yadda suke barci kafin a zura musu bututu mai kyamara a leƙa babban hanjinsu. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda ba sa kai awa shida a dare sun fi masu samun awa bakwai yiwuwar a ga musu ƙananan tsiro a bangon hanji da kusan rabi. Irin wannan tsiron shi ne mafarin yawancin kansar babban hanji. Yakan yi shekaru a zaune ba ciwo ba jini, sannan wani daga ciki ya rikiɗe. Wani binciken na 2013 a kan matan Amurka da suka daina al'ada ya ga haɗarin ya ƙaru a gefe biyu, ga masu barcin awa biyar ko ƙasa da haka, da kuma masu awa tara ko fiye. Akwai binciken da bai ga alaƙa ba, wannan ma gaskiya ne. Amma da wuya ka ga wanda ya ce ƙarancin barci kariya ne.

To me ya haɗa ido da hanji? Tambayar da 'yar'uwata ta yi mini ke nan, kuma tambaya ce mai kyau.

Jikin mutum yana da agogo, kuma ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba. Babban yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Amma kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da nata ƙarami. Mutum uku da suka gano yadda yake aiki, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, a jikin ɗan ƙudan da ke bin 'ya'yan itace suka gano shi, kuma a kan haka aka ba su kyautar Nobel ta likitanci a 2017. Bangon hanji yana cikin sassan jiki da suka fi saurin sabuntawa. Cikin 'yan kwanaki, ƙasa da mako, shimfiɗarsa ta ciki ta zube wata ta maye gurbinta. Wannan yana nufin ƙwayoyin halitta suna ta rabuwa ba tsayawa, kuma a wurin rabuwar ne kuskure kan shiga. Agogon nan yana da hannu a tsara lokacin rabuwa da lokacin gyaran kuskure. Hanta ma tana da lokacin da take sarrafa sukari da kitse, da lokacin da take tsammanin an daina aiko mata da komai. Agogon ƙwaƙwalwa haske yake bi, na hanta da hanji kuwa lokacin cin abinci ya fi ja. Mutumin da ke zaune ƙarƙashin fitila ƙarfe biyun dare yana cin abinci mai nauyi ya raba kan agogunan jikinsa, kowanne da abin da yake faɗa. Ga kuma sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, haske na danne shi.

Masana a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Teksas sun gwada abin a kan ɓeraye, suka buga a 2016. Ba su ba su guba ba, ba su canza musu abinci ba, lokacin kunna fitila da kashe ta kawai suka riƙa juya musu mako-mako. Ɓerayen suka yi ƙiba, kitse ya taru a hantarsu, wasu suka kai ga ciwon dajin hanta. Ɓera ba mutum ba ne, amma hanyar da ciwon ya bi, daga ƙiba zuwa kitsen hanta zuwa daji, hanya ce da likitoci suka sani a jikin mutane.

Hanya ta biyu kowa ya san ta, ko bai san sunanta ba. Wanda bai yi barci ba yunwa yake ji, kuma ba yunwar zogale ba. A Jami'ar Shikago a 2004 an taƙaita wa wasu samari barci zuwa awa huɗu dare biyu a jere, sai sinadarin da ke sanar da ƙoshi ya ragu a jininsu, mai tayar da yunwa ya ƙaru, kwaɗayinsu ya karkata ga zaƙi da gishiri da kayan fulawa. Ban buƙaci Shikago ta gaya mini ba. Na san abin da ke kan teburin ma'aikatan jinya ƙarfe ukun dare: filas na shayi da sukari cokali huɗu, burodi, biskit, lemon kwalba, wani lokaci indomi da ƙwai da aka aiko daga bakin ƙofa. Ku je tashar manyan motoci a wannan lokacin, shi ne dai, sai ƙarin taba da goro da gwangwanin abin ƙara kuzari. Shekara ta bi shekara, tumbi ya fito, sukari ya hau. Ƙiba da ciwon sukari kuwa sanannun ƙofofi ne ga kansar hanji da hanta da fankiriyas. Ko da a ce rashin barci bai taɓa hanji kai tsaye ba, ya isa ya tura mutum ta waɗannan ƙofofin.

Batun yawan barci shi ne inda nake tsoron a yi mini gurguwar fahimta. Kar wani ya karanta cewa masu awa tara suna cikin haɗari, ya koma gida ya riƙa tayar da iyalinsa da tsakar dare. A wani binciken daban na masanan Harvard, shi ma na 2013, ƙarin haɗarin ga masu doguwar kwanciya ya fi fitowa a wurin masu ƙiba da masu munshari. Mai munsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci zai iya yin awa tara a gado, amma jikinsa bai huta ba, iskar da ke jininsa sai hawa da sauka take har gari ya waye. Sannan sau da yawa yawan barcin alama ce ta ciwon da ya riga ya shiga.

Na tuna wani direban tanka da aka kwantar mana, mutum mai kimanin shekara hamsin, fara'a gare shi ko a kan gadon ciwo. Da na tambaye shi tun yaushe yake ganin jini a bayan gida, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Sista, basir ne kawai, tun ina yaron mota nake fama da shi." Ya lissafa mini jiƙe-jiƙen da ya sha, daga na masu lasifika a bakin kasuwa har wanda aka aiko masa daga ƙauye. Matarsa ce ta biyo ni har bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, "Sista, ni abin da ya ɗaure mini kai, mutumin nan da in ya dawo daga Legas awa uku ta ishe shi, ya tashi ya fita majalisa. Tun bara kuwa sai ya wuni a kwance, ko sallah sai na tashe shi. Na ce ko girma ne ya zo." Na koma na ce, "Baba, buɗe mini hannunka." Tafin hannunsa fari fat, cikin fatar idonsa ma haka. Jini ne ya daɗe yana tsiyaya kaɗan-kaɗan daga ƙarin da ke duburarsa, har jikin ya rasa ƙarfin tashi. Likita da yatsa ɗaya cikin safar hannu ya taɓa ƙarin, gwajin da bai kai minti biyu ba, wanda a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi masa. Bayan tiyata aka fitar masa da hanji ta gefen ciki aka manna leda. Da ya farfaɗo bai tambayi kuɗin aiki ba, bai tambayi motarsa ba. Cewa ya yi, "Sista, yanzu da wannan abin yaya zan yi alwala?"

Ba zan ce tuƙin dare ne ya jawo masa ba, babu likitan da zai iya faɗin haka a kan mutum ɗaya. Abin da na ɗauka daga wurinsa shi ne, mutumin da barcinsa ya sauya ba dalili, yana ta kasala, yana ramewa, ga jini a bayan gida ko bayan gidan ya koma baƙi, ko kuma gudawa da taurin ciki suna karɓa-karɓa makonni, wannan asibiti zai nufa. Basir gaskiya ne, akwai shi, amma sunansa ya rufe kansar dubura da yawa a ƙasar nan har lokaci ya ƙure. Haka sunan olsa ke rufe ta tumbi.

Ba kuma zan yarda a ɗauki maganar barci a rufe manyan dalilan da muka tabbatar da su ba. A wajenmu ciwon dajin hanta ya fi zuwa ta hanyar ƙwayar hepatitis B, wadda kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya ke ɗauke da ita, akasarinsu ba su sani ba. Allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran yara a ƙasar nan tun 2004, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Ga gubar afalatoksin da ke fitowa daga rumar gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, tana rukuni na ɗaya, kuma in ta haɗu da hepatitis B a hanta ɗaya haɗarin ninkuwa yake yi. Ga ƙwayar H. pylori mai haddasa olsa, ita ma a rukuni na ɗaya take tun 1994 saboda kansar tumbi, kuma ana kashe ta da magani in an gwada an same ta. Ga taba, ga giya. Har shayin da ake kurɓa yana ƙona harshe, IARC ta sa abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 a rukunin 2A a 2016, saboda hanyar abinci. Duk wanda bai san matsayinsa na hepatitis B ba, ya fara da wannan kafin ya ƙirga awannin barcinsa.

Amma ku dubi wanda duk waɗannan suka taru a kansa. Binciken barcin nan a kan Amurkawa da Turawa aka yi akasarinsa, mutanen da ke da inshorar lafiya, ake leƙa musu hanji tun ba su ji ciwo ba. Amurka ma ta sauko da shekarun fara wannan gwajin zuwa 45 a 2021. Namu mai aikin daren, rashin barcin nan ya same shi ne a kan hantar da ba a taɓa gwadawa ba, da abincin da ya samu ya ci, da aljihun da ba zai kai shi asibiti ba sai ya faɗi.

Kuma mafi yawansu ba su suka zaɓa ba. Wannan ne ya sa shawarar da ake bazawa a rediyo da waya, cewa kowa ya riƙa barcin awa bakwai, take yi mini zafi in na ji ta tsirara haka. Shawarar daidai ce, ita ce matsayar ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka tun 2015, cewa baligi ya samu awa bakwai ko fiye. Amma wa ake gaya wa? Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Yau akwai 'ya'yan mutane masu 'yanci da ba su da wannan hutun.

Ku ɗauki maigadi. A gidaje da yawa na masu hali, mutum ɗaya ne ke gadin dare, shi ne kuma da asuba zai wanke motoci, ya share tsakar gida, ya ba fulawa ruwa, ya buɗe ƙofa ya rufe duk lokacin da aka yi hon, a aike shi cefane, a aike shi ɗauko yara. Barcinsa gyangyaɗi ne a kan benci tsakanin hon da hon. In aka kama shi ya ɓingire ƙarfe uku na dare, a ce ba shi da amana. Alhaji, Hajiya, ku zauna ku lissafa da gaskiya, a cikin awa 24 ina awannin da kuka ware wa bawan Allahn nan ya kwanta ba mai kiransa? In babu, to ku kuka ci amanar jikinsa tun kafin shi ya ci ta ƙofarku. Ɗaki mai duhu da iska, da awa shida zuwa bakwai da rana da kowa a gidan ya san ba a taɓa shi, ba za su rage muku komai ba. In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a ɗauki biyu.

Ku ɗauki direban tirela da mai mota ya ce masa lallai kaya su kwana a Kano, ko ma'aikacin gidan burodi da ke bakin tanda tun tsakar dare don burodi ya riski masu shayi da sassafe. Ku ɗauki tela, da mai walda, da mai niƙa, waɗanda ba a kawo musu wuta sai ƙarfe ɗayan dare, dole su tashi su bi ta kafin a ɗauke. Duk wanda ya taɓa wucewa ta layin teloli a goman ƙarshe na azumi ya ga samari da jajayen idanu a kan keke, wasu da ƙwaya suke riƙe kansu. Ku ɗauki matar gida da ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi, ga goyo yana tashinta sau uku, ga wake da za ta kai markaɗe kafin kiran sallah don ƙosan sayarwa. Sai kuma zafin Maris da Afrilu ya zo, ɗaki ya ƙi kwantuwa, waje kuma sauro ya hana. Rashin wuta a lokacin da ya dace matsalar lafiya ce, kuma ya kamata masu raba ta su san cewa jadawalinsu yana shiga har cikin barcin mutane.

Ban manta da masu hana kansu da kansu ba. Matashin da ke kwance da waya a fuska har ƙarfe biyu yana bin bidiyo, da magidancin da majalisa ke riƙewa har sha biyu ta gota, su maganarsu gajeriya ce. Mu masu tashi sallar asuba ne. Wanda zai tashi ƙarfe biyar, in yana son awa bakwai, ƙarfe goma ya kamata ta same shi a kwance. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ba a son doguwar hira bayan isha'i, kuma ƙailula da iyayenmu suka riƙe tana rage gajiya, ko da ba ta maye gurbin barcin dare. Wannan a hannun mutum yake, ya gyara.

Na waɗanda ba a hannunsu yake ba, shi ke buƙatar doka da tsari, kuma wasu sun riga mu yi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 171 a 1990 a kan aikin dare, wadda ta ba ma'aikacin dare haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta in ya nema, kafin ya fara aikin da kuma lokaci-lokaci bayan ya fara. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24. Denmak kuwa, bayan hukuncin IARC na farko, ta biya diyya ga wasu matan da suka kamu da kansar nono bayan sun shafe shekaru suna aikin dare. Ba cewa nake mu kwafo su kai tsaye ba. Asibiti ba ya rufewa da dare, haihuwa ba ta jiran safiya, ɓarawo ma haka. Dole wani ya kwana a tsaye. Amma akwai bambanci tsakanin dare biyu ko uku a jere da hutu a bayansu, da dare bakwai a jere. Akwai bambanci tsakanin ma'aikaciyar da ta sauka da safe ta tafi gida ta kwanta, da wadda aka ce ta tsaya taro har azahar don ba a da isassun hannu. Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya yi shekara biyar yana aikin dare aka mayar da shi na rana, da wanda ya tsufa a ciki don ba shi da wanda zai yi masa magana a sama.

Ga abokan aikina da har yanzu ke ciki, abin da zan ce shi ne abin da na ga yana taimako. Ku ci abincin kirki kafin ku fita, ku bar cikin ya huta daga tsakar dare zuwa asuba, in yunwa ta matsa a ɗan taɓa abu mara nauyi. Ku rage sukarin shayin, ku bar shi ya huce. In kun dawo gida ku sa labule mai kauri, ku kashe waya, ku gaya wa mutanen gida cewa wannan barcin ba son jiki ba ne. Miji da uwar miji su ji wannan da kyau, matar da ta kwana tana juya marasa lafiya ba za ta dawo ta ɗora sanwar rana ba. Ku gwada hepatitis B, ku gwada sukari, kuma in kun kai arba'in da biyar, ko akwai wanda ya yi ciwon dajin hanji a danginku, ku tambayi likita game da gwajin bayan gida da ke gano ɓoyayyen jini, wanda ya fi leƙa hanji araha nesa ba kusa ba.

Kirana na ƙarshe ga ƙungiyoyinmu ne, ta ma'aikatan jinya da ungozoma, ta direbobi da ta masu manyan motoci, da kamfanonin da ke ɗaukar masu gadi. Duk lokacin da aka zauna teburin sulhu, maganar alawus ɗin dare ce ke cinye zaman, kuma haƙƙi ne a neme shi. Amma kuɗin alawus ba ya mayar da daren da ya wuce. A zama na gaba ina so in ga an rubuta abu uku a takarda: iyakar dare nawa za a jera wa mutum, awa nawa zai huta kafin a sake kiransa, da gwajin lafiya na shekara-shekara wanda mai aikin ne zai biya, har da na hanta da na bayan gida.